Daga Wuri Zuwa Sabuwar Naira: Tarihin Kuɗinmu da Tukunyar Gida

Kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, ni kuwa sai na zaɓi tarihin abin da kowannenmu ke taɓawa kullum, watau kuɗi. Dalili shi ne duk inda biyu ko uku daga cikinmu suka haɗu, a ɗaurin aure ne ko suna ko ta'aziyya, hira ba ta yin nisa sai ta faɗo kan tsadar rayuwa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. In muka waiwaya za mu ga cewa duk lokacin da aka taɓa darajar kuɗi ko aka sauya kamanninsu, gidaje iri ɗaya ne ke fara ji a jika: gidan mai albashi, da na ɗan fansho, da na wanda ya yi ajiyar tsabar kuɗi, da na mutumin ƙauye da ke nesa da banki. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla kuwa suna cikin ɗayan waɗannan gidaje, ko kuma su ke ɗauke da nauyinsu.

Zamanin wuri

Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce, domin da wuri kakanninmu suka yi ciniki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ana lissafin wuri da zambar, watau dubu, sa'an nan wuri 20,000 shi ne keso guda. Asalin wurin daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya yake, kuma wahalar kawo shi ce ta riƙe masa daraja. Daga tsakiyar ƙarni na 19 sai 'yan kasuwar Jamus suka shiga jido wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, suna sauke shi jirgi-jirgi a gabar tekun Ikko da maƙwabtanta. Wuri ya yi yawa, hatsi da tufafi kuwa ba su ƙaru ba, saboda haka darajarsa ta riƙa faɗuwa har ta kai ga ladan 'yan dako a tafiya mai nisa yana cinye kaso mai tsoka na abin da suka ɗauko. Wannan ita ce hauhawar farashi ta farko da ya kamata mu riƙe a zuciya, domin za mu sake haɗuwa da irinta.

A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka hana shigo da wuri, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da tsabar kuɗinsu. A 1912 suka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Daga nan ne muka sami anini da ɗari da kwabo da ahu da taro da sisi da sule da fam. Attajirin da ke mu'amala da kantunan Turawa ya canza dukiyarsa da wuri. Tsohuwar da ta tara wuri a tulu shekara da shekaru ita aka bari da abin ado.

Fam, Naira da Udoji

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, ya fito da takardun fam na ƙasa. A watan Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnati ta canza takardun kuɗi domin ta kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Bayan yaƙi, mutanen yankin da suka yi mu'amala da asusunsu na banki da kuɗin Biyafara fam 20 aka ba kowannensu, ko nawa ya ajiye. Har yau iyalai a can ba su manta ba.

Ranar 1 ga Janairu 1973 aka haifi Naira. Fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule goma ya zama Naira ɗaya, shi ya sa dattawa suka daɗe suna kiran kwabo goma sule, Naira biyu kuma fam. A lokacin kwabo sittin da 'yan kai ke sayen dalar Amurka ɗaya. A ƙarshen wannan shekara farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, kuɗi suka cika baitulmali. Kwamitin Cif Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 kuma aka biya ma'aikata sabon albashi haɗe da ariyas tun daga watan Afrilun 1974. Albashin ƙananan ma'aikata ya ninka har ya haura. Malamanmu dattawa sun fi ni iya ba da labarin babura da rediyo da kekunan ɗinki da aka saya a wannan lokaci. To amma kasuwa ma ta ji labari. A shekarar 1975 kaɗai farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari.

Manomi bai ci Udoji ba, amma ya biya farashin Udoji. Ga farin 1973, ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, ga kuma Naira mai ƙarfi wadda ta sa shinkafa da alkamar waje suka fi na gida araha. Samari suka bar gona suka nufi birni, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Ashe ƙarfin kuɗi ma yana da waɗanda yake cuta, ko da yake mutanen birni ba su lura ba a lokacin.

Tsuke bakin aljihu da canjin 1984

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi za mu riƙa yin awo da shi: a 1981 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sa mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata, wanda ya yi daidai da kusan dala 200. Ba a jima ba kasuwar mai ta faɗi. A watan Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, aka koma ba da lasisin shigo da su. Wanda ya sami lasisi ya yi arziki ko da sayar da takardar kawai ya yi, jama'a kuwa suka koma bin layin madara da sukari da sabulu da shinkafa.

A ƙarshen Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe kan iyakoki, ta canza launin takardun Naira, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su canza tsofaffin, kuma Naira 5,000 ce iyakar abin da mutum zai canza ba tare da bayani ba. Manufar ita ce a kashe kuɗin da aka sace aka ɓoye a waje. Sai dai a yawancin ƙauyukan Arewa babu banki, ga Fulani a daji, ga fatake a hanya, ga mata masu asusu a ɗaka. Da yawa sun sayar da tsofaffin takardunsu da ragi ga masu hanyar shiga banki, wasu kuwa wa'adi ya cika kuɗin na hannunsu. Rufe iyakar ya zo daidai da fari, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka saba sayen hatsi daga nan suka rasa hanya, har suka laƙaba wa yunwar 1984 zuwa 1985 suna "El Buhari". Sai a 1986 aka sake buɗe iyakar.

Shekarun SAP

A tsakiyar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, nan take dala ta tashi daga kusan Naira ɗaya da rabi zuwa fiye da Naira huɗu. A wannan shekara kuma litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Ya kamata a nan a bayyana yadda canjin dala ke shiga tukunyar wanda bai taɓa riƙe dala ba. Takin zamani da maganin feshi daga waje suke. Alkamar da ake yin burodi da gurasa, da maganin asibiti, da takardar buga littafi, da kayan gyaran motar da ke ɗauko hatsi daga Dawanau, duk da dala ake sayo su. In Naira ta faɗi da rabi, sai ɗan kasuwa ya ƙara kuɗi a makon, mai mota ya bi shi, mai gida ya ƙara haya a ƙarshen shekara. Mai albashi kuwa sai ya jira a kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, gwamnati ta amince, baitulmali ya biya. Kafin nan kasuwa ta yi masa nisa. A 1988 da 1989 farashi ya riƙa tashi da kimanin kashi 50 cikin ɗari kowace shekara, har ɗaliban jami'a da jama'ar gari suka yi tarzomar ƙin jinin SAP a watan Mayun 1989.

Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, a cikin wannan hali iyayenmu suka rene mu. A lokacin ne ma'aikacin gwamnati ya fara kabu-kabu da motarsa bayan tashi daga ofis, malamin makaranta ya shiga acaɓa da yamma, gwanjo ya maye gurbin sabuwar riga, motoci 'yan Kwatano suka maye gurbin sababbi. Malaman jami'a da likitoci da dama suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka. Don a yi adalci, akwai waɗanda suka amfana: manoman koko a Kudu maso Yamma sun sami farashi mai kyau da zarar an sake musu mara, haka nan masu fitar da fata da sauran kaya zuwa waje.

A watan Maris 1992 aka sake sakin Naira, dala ta tashi daga kusan Naira 10 zuwa 18. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaure canjin hukuma a kan Naira 22, alhali kuwa ba a daɗe ba 'yan canji a Wapa suka riƙa sayar da dala fiye da Naira 80. Wanda ya sami dala a farashin hukuma ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu ba tare da ya ɗaga tsinke ba, magidanci kuwa da farashin kasuwar bayan fage yake cefane. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari, adadin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar. Mu ɗauki misalin mutumin da ya ajiye Naira 10,000 a 1985 don aikin Hajji ko ginin gida. A ranar da ya ajiye, kuɗin sun fi dala 10,000. Bayan shekara goma ba su kai dala 130 ba, kuma ba ɓarawon da ya shiga ɗakinsa. A watan Janairun 1998 kuma aka rufe bankuna 26 a lokaci guda, inshorar masu ajiya kuwa Naira 50,000 ce iyakarta.

Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 mutanen Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Saifa suka wayi gari an karya darajar kuɗinsu da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa Saifa 50 ya koma 100. Magani da littattafai da duk abin da ke zuwa daga waje suka yi tsada a dare ɗaya, masu sayar da shanu da albasa zuwa ƙetare kuma suka ɗan sami sarari.

'Yar sa'ida

Girman takardar kuɗi kansa tarihi ne. Daga 1977 zuwa 1991 'yar Murtala, watau Naira 20, ita ce babbar takarda a ƙasar nan. Sai Naira 50 ta zo a 1991, Naira 100 a 1999, Naira 200 a 2000, Naira 500 a 2001, Naira 1,000 kuma a 2005. Kwabo da sule suka ɓace ba wanda ya yi musu jana'iza.

Duk da haka shekarun 2003 zuwa 2014 sun zo da sauƙi. Mai ya yi daraja, ƙasashen ƙungiyar Paris sun yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18 bayan yarjejeniyar 2005, an haɗe bankuna 89 sun koma 25. A wasu shekarun hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, dala kuma ta daɗe tsakanin Naira 150 da 160. Naira 18,000 da aka sa mafi ƙarancin albashi a 2011 ta kusa dala 120. A wannan lokaci ne yawancin 'yan ajinmu suka gama karatu, suka kama aiki, suka fara maganar aure, muka ɗauka haka duniya take.

Daga 2014 zuwa 2025

Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi wata da watanni, malaman makaranta da 'yan fansho kuwa su ke ƙarshen layi. Babban Banki ya hana kayayyaki 41 samun dala a farashin hukuma, ciki har da shinkafa. A watan Yunin 2016 dala ta tashi daga Naira 197 zuwa fiye da 280, a farkon 2017 kuma ta haura 500 a hannun 'yan canji. An sake rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

A cikin waɗannan shekaru gwamnatin tarayya ta riƙa cin bashi kai tsaye daga Babban Banki don cike giɓin kasafi. Doka ta ce kada irin wannan bashi ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma sai da ya kai Naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mai da shi bashin dogon zango a watan Mayun 2023. Bashi daga Babban Banki sabon kuɗi ne da aka ƙirƙiro ba tare da an noma ƙarin buhu ɗaya ba. Wurin Zanzibar ke nan ya dawo da sabuwar riga.

Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. An sa wa'adi 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An karɓe tsofaffin, sababbin ba su wadata ba, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a suka sauko daga fiye da Naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan ɗaya. Wannan kam ba labari aka ba mu ba. Na ga magidanta da albashinsu a asusu suna kwana a layin na'urar cire kuɗi, muka koma sayen Naira da Naira a wurin masu POS. A kasuwannin ƙauye hatsi da dabba suka koma farashi biyu, na tsaba da na tiransifa, manomin da ba shi da asusu ya karyar da kayansa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Duk wanda ya san labarin 1984 ya san inda wannan rawa za ta ƙare tun kafin a fara kiɗa.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan 500, sa'an nan a watan Yuni aka saki Naira. Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a Fabrairun 2024. A wannan wata ne mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, gidaje da dama kuma suka koma cin afafata, wadda a da kifi ake zuba wa. Tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A watan Yuli aka sa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, wanda a canjin lokacin bai kai dala 50 ba. A gwada shi da dala 200 ta 1981.

Don shawo kan lamarin, Babban Banki ya riƙa ƙara kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwambar 2024. Da yawa daga cikinmu ba ma cin bashin ruwa saboda addini, amma abin yana iske mu ta hanyar masana'antar da ta rage ma'aikata don bashi ya yi mata tsada, da kuma ta hanyar Naira da ta ɗan tsaya wuri ɗaya. A 2025 hauhawar ta ragu, farashin masara da shinkafa ya sauko, mai saye ya numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya koka. Abin lura shi ne in an ce hauhawar farashi ta ragu, ana nufin gudun ne ya ragu. Abin da aka ci daga ajiyar mutum da fanshonsa ba ya dawowa da kansa.

Abin da ya shafe mu

Iyayenmu mata sun gane wannan karatu ba tare da sun shiga aji ba, shi ya sa suke juya kuɗinsu zuwa tunkiya ko ɗan kunnen zinariya ko buhun wake da kaka. Ko a adashi sun san cewa a shekarar tsada mai kwasar ƙarshe shi ke tafka hasara. Ina ganin ƙungiyarmu na da abin koyi a nan, saboda haka ga shawarwari uku ga babban taro mai zuwa.

Na ɗaya, kuɗin ƙungiya da tallafin da muke ba ɗalibai marayu a daina barinsu a adadi ɗaya shekara da shekaru. A riƙa duba su kowace shekara bisa abin da kuɗin jarrabawa da littattafai da buhun hatsi suka kai.

Na biyu, asusun taimakon juna kada a bar shi kwance. Abin da aka tara don gyaran aji ko sayen kujeru a yi aikin da shi a kan kari, saura kuma a nemi shawarar masana daga cikinmu a sa shi inda ya halatta kuma ba zai narke ba.

Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne malamanmu da suka yi ritaya. Wanda aka yanka wa fansho shekara goma sha biyar da suka wuce, ko an biya shi cif-cif kowane wata, an rage masa abincinsa sau da yawa ba tare da an rubuta masa takarda ba. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 sun ce a riƙa duba fansho kowace shekara biyar, ko duk lokacin da aka duba albashin ma'aikata. A cikinmu akwai lauyoyi da 'yan majalisa da manyan ma'aikata. Ya kamata mu kafa ƙaramin kwamiti ya tattara sunayen malamanmu, ya binciki halin da kowannensu ke ciki, ya bi musu hakkinsu a inda ya maƙale, kafin nan kuma mu riƙa kai musu hatsi da magani, domin su ba sa faɗuwa kamar Naira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya ba shugabanninmu ikon tuna tukunyar talaka kafin su sa hannu a takarda. Amin.